Numfashin Yaya

Tun ban fara aske gemu ba nake yi wa yayana amshi, har ranar da muka kai shi makwancinsa. In ka taɓa shiga motar haya ko shagon aski a garin nan, to ka ji muryarsa, ko kana so ko ba ka so. Jama'a na ce masa Mai Farar Hula. Mu 'yan amshinsa Yaya muke cewa, har Dogo da ya girme shi nesa ba kusa ba.

Ya bar waƙa ɗaya da bai ƙarasa ba. Muryarsa kaɗai aka ɗauka, yana cikin ciwon ƙirjin da ya yi ajalinsa, da niyyar mu ɗora amshi in ya samu sauƙi. Auta, 'yarsa, ita ke riƙe da situdiyon da muke ɗaukar waƙa, kuma ta iya aikinta, ba don 'yata ce nake faɗa ba. Da aka kwana biyu da rasuwar ta kira mu, ta ce ko dai a gama waƙar yadda za ta dace da sunan ubanta, ko ta rufe ta kowa ya huta. Taurin kan nan a wurinsa ta gado, in ta faɗa ta zauna.

Muka shige ɗan ɗakin nan mai soso a bango, fanka a kashe don kar ƙararta ta shiga, gumi har cikin takalmi. Muka sa abin saurare a kunne. Muryar Yaya ta fito tas. Amma da aka zo wurin amshi sai abin kunya: ni na riga, Dogo ya makara, sauran suka biyo a warwatse kamar yau muka haɗu a tasha. Muka sake, muka kuma sakewa. Raina ya ɓaci, na ce tsufa ya cinye Dogo, shi kuma ya ce ai kunnena ne ya daɗe da mutuwa.

Can sai na gane abin da ya ɓace. Yaya bai taɓa ɗaga mana hannu ko gyaɗa kai ba, ya ce wannan aikin 'yan koyo ne. In ya kai ƙarshen baiti sai ya ja numfashi ta baki, mu kuma mu faɗo a kansa. A wannan ɗaukar babu numfashi ko ɗaya.

Na tambayi Auta. Ta ce ita ta bi su ɗaya bayan ɗaya a kwamfutarta ta cire.

"Baffa, ba numfashin da kuka sani ba ne. Ba zan bari duniya ta ji Babana yana haki ba."

Na ajiye faɗan da na kwaso. Na tuna mata cewa ina wurin ranar da aka ɗauki muryar, na roƙe shi ya zauna ya ƙi, ya ce shi bai taɓa yi wa jama'a waƙa daga kujera ba. A tsaye ya yi ta, hannu ɗaya dafe da bango. Na ce ni ban ga abin ɓoyewa a nan ba, alfahari ma nake yi, kuma in babu numfashin ba mu da ƙofar shiga.

Ta fita. Da ta dawo fuskarta a wanke take, ta mayar da numfashin.

Wallahi babu daɗin ji. Ƙirjin har fito yake yi, Dogo sai da ya juya ya fuskanci bango. Amma da Yaya ya ja numfashin farko muka faɗo tare kamar baki ɗaya, haka muka bi shi baiti bayan baiti ba tuntuɓe.

Muka yi amshin ƙarshe, a nan ya kamata mu tsaya. Ashe ranar ya so ya ƙara baiti. Muka ji ya ja wani dogon numfashi, ƙirjin ya ƙi, babu abin da ya biyo baya. Mu kuwa ba wanda ya tsaya tunani. Mun ji numfashi, muka ɗauki amshi da ƙarfinmu har ƙarshe, babu baitin da muke amsawa.

Da muka yi shiru na ba Auta haƙuri, na ce kuskurenmu ne, ta yanke wurin.

Ta danna abin magana daga bayan gilashi.

"Ba na yankewa, Baffa. Ya kira, kun amsa."