Tikitin da Aka Ba Malcolm Kyauta

Malcolm Threlfall maƙwabcina ne a garin Morecambe, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ban taɓa ganin tsoho mai taurin kai irinsa ba. Ya kusa tamanin. Matarsa Maureen tana gidan kula da tsofaffi can bayan gari, cutar mantuwa ta share mata kusan kowa. 'Yarsu Gillian ma kallon baƙuwa take yi mata. Malcolm kaɗai ya rage, shi ma don kullum yana zuwa ne. Ma'aikatan jinya sun faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa in ya fara fashi, to shi ma za ta manta shi. Bas ba ya bin hanyar, saboda haka abin da ya rage na aurensu duk a kan tsohuwar motarsa yake.

Filin ajiye motocin da ke jikin gidan tsofaffin na wani kamfani ne, sai ka yanki tikiti kake ajiye mota. Mu kuwa mutanen nan muna da al'ada: in za ka fita da sauran lokaci a tikitinka, sai ka sauke gilashi ka miƙa wa mai shigowa. Haka muka taso. Ran nan wata matashiya ta miƙa wa Malcolm nata, da sauran awa biyu. Ya karɓa ya yi godiya, don mayar da hannun kyauta baya rashin tarbiyya ne. Ashe a makon aka sauya tsari. An kafa kyamara a ƙofa, kowane tikiti kuma ɗauke yake da lambar motar mai shi.

Takardar tara ta iso: fam ɗari, in an biya da wuri sittin.

"Ko sisi ba za su gani ba, Beverley," in ji shi ta kan katanga. "Wurin nan an biya kuɗinsa. Sau biyu za su sayar da gurbi ɗaya?"

"Malcolm, ka biya sittin ɗin ka huta. Ni zan ba ka rabi."

"Riƙe abinki, ki sayi sabon gashi. Wannan na kanki ya gaji."

Haushi ya kama ni, na ƙyale shi. Ya rubuta wa kamfanin, suka yi watsi da shi, suka ba shi lambar ɗaukaka ƙara zuwa hukuma mai zaman kanta. A can ba a ganin kowa ido da ido. Ta intanet ake komai, wani mai duba ƙara ya karanta takardu ya yanke hukunci. Malcolm ko waya ba ya iya latsawa, dole ya kira Gillian daga Preston. Ita kuwa ta daɗe da sa wa makullin motar nan ido, tun da ya gurje madubin motar a ƙofar gareji.

Ina zaune aka cika fom ɗin ƙarar. Gillian ta ce, "Baba, mene ne hujjarka?"

"Rubuta cewa an ba ni, na karɓa, kamar yadda mutanen kirki ke yi."

"Babu gurbin wannan. Ko motar ba ta wurin, ko ka biya, ko allon sanarwa ba ya karantuwa. Zaɓi ɗaya."

"Yawwa, allon! Wani ɗan mitsitsin rubutu ne, ba mahalukin da zai iya karanta shi. Rubuta haka, ki sa sunana."

Ta rubuta. Bayan makonni kamfanin ya aiko da hotuna. Allo ne kamar ƙyauren ɗaki, baƙin rubutu a kan rawaya, ga motar Malcolm a gindinsa. Hukunci ya biyo baya cikin ladabi mai ban takaici. Mai dubawa ya ce ya tausaya, amma kyautatawa ba ta cikin abin da aka ɗora masa ya auna, allo kuma a bayyane yake. An kori ƙara.

Gillian kuwa ba kuɗin ne ya dame ta ba. Ta ɗauke mu a motarta zuwa filin, ta tsayar da uban daidai inda ya yi fakin ran nan.

"Baba, karanta min layin farko."

"Ke, jarrabawa za ki yi min? Ni na koya miki karatu."

"Na sani. Karanta."

Ya ɗaga kai, ya ƙanƙance ido, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ni daga bayansa ina karanta komai, har ina motsa baki ko zai ji. Ya matsa gaba. Ya ƙara matsawa.

"Rana ce ke haske min ido," in ji shi. Ranar kuwa hadari ne ya rufe gari.

Gillian ta juya baya tana kuka. Na san ba mugunta take yi ba, kusa da filin akwai makarantar yara. Aka kai shi wurin likitan ido, shi kuwa bai ɓata lokaci ba, lasin tuƙi ya tafi, aka sayar da motar.

Kuɗin tasi na kullum ya fi ƙarfin fanshonsa. Ni kuma ina gidan burodi duk mako, Lahadi kaɗai nake iya kai shi. Gillian ta nemi a dawo da uwar wani gidan tsofaffi da ke cikin gari, aka ce a shiga layi. Ana cikin haka mura ta kwantar da shi, Lahadi biyu suka wuce.

Da ya warke na kai shi. Ya sa kwat, ya taje sumarsa, ya riƙo biskit ɗin citta da take so. Maureen tana bakin taga. Ya ja kujerar da ke gefenta ya zauna, ya kama hannunta.

Ta zare hannun a hankali, ta dube shi da fara'a.

"Bawan Allah, yi haƙuri ka tashi daga nan," ta ce. "Kujerar mijina ce. Ya kwana biyu bai zo ba, kada ya shigo ya tarar da wani a kai."

Malcolm ya ce, "To, madam." Ya tashi ya tsaya a jikin bango, aka ci gaba da jiran mijin tare da shi.