Teburin Sauti

Tun da aka fara koyar da karatu a duniya ba a taɓa samun dabarar da ta kama ƙafar ta Hedimasta ba, kuma babban abin da ya ɗaukaka ta shi ne ba ta cin kowa komai. Shi da kansa ya bayyana wa taron iyaye haka, bayan ya dawo daga wata bita da sabuwar jaka mai ɗauke da tambari.

Dabarar ita ce a daina sa yara haddar sunayen haruffa, a koya musu sautinsu. Duk ranar da aka shiga sabon sauti, kowane yaro zai zo da wani abu daga gida wanda sunansa ya fara da shi, ya riƙe a hannu ya faɗa, sannan a ajiye a kan dogon tebur a bayan aji. Abin da ya hau teburin nan kuwa ba ya sauka sai ƙarshen zango, domin bincike ya nuna, in ji Hedimasta, in aka ɗauke abin sautin ma yakan bi shi ya fice daga kan yaro.

Tela ya fi kowa tafi a wurin, kuma yana da dalili. 'Yarsa Auta tana maimaita aji ɗaya, an kuma gaya masa cikin ladabi cewa in ba ta iya karatu a zangon nan ba, sai ya nema mata wata makaranta. Yarinya ce mai bakin tsiya a gida, amma da an nuna mata allo sai ta zuba masa ido kamar an nuna mata bango.

Washegari ya shimfiɗa yadi zai yanka, ya laluba aljihun keken ɗinki bai ji komai ba.

“Maman Auta, ina babban almakashina?”

“Ya tafi makaranta.”

“Wa ya tafi makaranta?”

“Almakashin mana. Ba kai ne ka yi ta tafi jiya har hularka ta faɗi ba?”

Ya yini yana shirya faɗan da zai yi. Da azahar sai ga Auta ta faɗo shagon a guje, jaka na dukan bayanta, ta wangale baki: “Aaa! Aaa! Almakashi! Baba, ni kaɗai Malama ta ce a tafa wa!” Ta ɗauki allin da yake shata yadi da shi ta zana harafin a jikin ƙofa. Ya ɗan karkace, amma shi ne. Tela ya nemi faɗan ya rasa inda ya ajiye shi. Ya kira maƙwabcinsa mai aski ya zo ya gani, ya kuma ari ƙaramin almakashi a wurinsa.

Daga nan gida ya fara ƙaura zuwa makaranta. Bokiti ya tafi, cokali ya bi shi, dutsen guga ya bi cokali. Unguwa duka ta rikice: kowace safiya sai ka ga yara sun jero a titi, wani da fitila, wani da faranti, iyaye na binsu da ido suna musu addu'ar alheri. Ranar da aka zo kan “ɓ” ɗan bakanike ya kawo ɓera mai rai a gwangwani. Malama ta ƙarasa darasin daga kan benci, kuma babu yaron da ya sake manta sautin. Ɓeran ne kaɗai aka yi wa sassaucin doka aka sallame shi a ranar.

Ranar “k” Tela ya ɗauko kujerar da yake zama a kai yana ɗinki ya kai da kansa, don ta fi ƙarfin Auta. Ya tsaya ta taga yana leƙe. Malama siririya ce, amma muryarta ta isa aji uku.

“Ban ce ‘ka’ ba, 'yan ƙanena! A datse shi! K! K! Kamar mai tari a ɓoye!”

Aji ya kaure da tari. Ta rubuta harafin, ta rubuta na almakashi kusa da shi, ta ce wa zai haɗa su. Sai Tela ya ga hannun Auta a sama, hannun da bai taɓa tashi a makaranta ba sai don neman izinin fita. Ta kalli kujera, ta kalli almakashi, ta lumshe ido ta ce, “Ka.” Bai san lokacin da ya yi kabbara ta taga ba. Ya koma shago yana gaisar da mutanen da bai sani ba, ya ari benci a wurin mai aski.

Ana saura kaɗan a rufe makaranta, Hedimasta ya aiko masa da yadi mai tsada, a ɗinka masa rigar da zai sa ranar da za a nuna wa iyaye sakamakon dabararsa. A makon ne aka zo kan “t”. Doka ta hana yara biyu su kawo abu iri ɗaya, kuma an riga Auta kama tabarma da tukunya da takalmi. Ta zo ta tsaya gaban keke tana kallon fuskarsa.

“Baba.”

“Na'am, uwata.”

“T. T. T.”

Ya kai hannu ya dafe tabaransa.

“Kul!” in ji Maman Auta daga bakin ƙofa. “Malam, in ka ba ta wannan, gobe ni za ta ɗauka ta kai. Da wane idon za ka ɗinka rigar mutane?”

“Hannu ya san hanya,” in ji shi. “Kin fi son sautin ya fice mata?”

“Ya fice ya je ina? Sauti akuya ne?”

Shi ma a ransa bai yarda sauti yana tafiya ba. Amma ya tuna hannun nan da ya gani a sama, ya ga ba a kan 'yarsa zai gwada binciken Hedimasta ba. Ya cire ya saka mata a aljihun jaka. Rigar kuwa ya ɗinka ta da hanci a jikin yadi, Maman Auta na zura masa zare tana mita.

Ranar taro aji ya cika har taga. Teburin sauti ya zama kasuwa, kowace uwa na hango tukunyarta tana daurewa. Hedimasta ya shigo cikin sabuwar riga, aljihu ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa tsawo, wuyan kuma ya ɗan kauce wajen kafaɗar hagu. Malama ta yi rubutu a allo ta kira Auta.

Tela ya ƙanƙance ido. Fari-fari kawai yake gani a kan baƙi.

Auta ta ɗora yatsa ta fara bi, gaɓa bayan gaɓa, tana waiwayen tebur. “Ka… ka. Kaka. Ta. Da… fa. Kaka ta dafa… wake!”

“Daidai ne?” ya tambayi matarsa a kunne.

“Daidai ne, Malam.”

Ya miƙe tsaye, hula ta sake faɗuwa. “'Yata ce! Wallahi 'yata ce!” Ya rungume bakanike, ya rungume wani wanda daga baya ya gane mijin Malama ne. Malama ta sanar cewa Auta ta wuce zuwa aji biyu.

Hedimasta ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya tunatar da jama'a cewa makaranta ba ta kashe komai ba wajen cimma wannan gagarumar nasara. Ya ƙara da albishir: tunda wasu makarantu sun nemi zuwa su gani da idonsu, an yanke shawarar barin teburin yadda yake, za a kulle kayan a kabad mai gilashi don amfanin na baya. Aka yi tafi. Tela ma ya tafa, don har lokacin murna ba ta sake shi ba.

A bakin ƙofa Hedimasta ya ja shi gefe, ya kama wuyan rigar ya nuna masa.

“Tela, ni ba mai son surutu ba ne. Amma sana'a tana son natsuwa. Zan aiko a gyara.”

“To, ranka ya daɗe.”

Da la'asar ya jawo bencin aro zuwa bakin shago inda haske ya fi yawa, ya kara rigar da fuskarsa, ya fara farke ɗinkin da ƙaramin almakashin mai aski. Auta ta durƙusa gaban keke tana haɗa haruffan da ke jikinsa da ƙarfi, waɗanda shi kansa bai taɓa kula da su ba. Tsinin almakashin ya kuskure zare ya same shi a yatsa. Ya sa yatsan a baki don kada jini ya taɓa yadin.

“Sake karantawa in ji, uwata,” in ji shi.