Ruwan da Kawu Ya Yayyafa

Kawu yana cikin naɗe tiyo a ɗakin kayan aiki sai ya ji wani abu ya faɗi tim a bakin ƙofar makaranta, ihun mace ya biyo baya. Ya saki tiyon ya nufi wajen da sassarfa. Kafin ya kai matakala ƙafarsa ta dama ta yi gaba ba da izininsa ba, da ƙyar ya cafki ƙarfen shinge ya tsaya.

Mai Girki ce a ƙasa, dattijuwar da ke dafa wa ɗalibai abincin rana. Ta rungume hannun hagu a ƙirji tana cije leɓe, jakarta ta yi can gefe. Daɓen ƙofar gaba ɗaya yana sheƙi kamar an shimfiɗa gilashi. Kawu ya durƙusa ya taɓa da yatsa, nan take ya gane. Ruwan da ya yayyafa da hannunsa da asuba ne ya daskare.

Shi dai mutum ne da ya tsufa yana kula da harabar makaranta a ƙasarsu, kuma a iya saninsa ba a kai tsintsiya ƙasa sai an yayyafa ruwa. Haka ya koya, haka ya koyar da na ƙasa da shi. Da ɗan ƙanwarsa, wanda ke koyar da lissafi a wannan makaranta ta ƙasar waje, ya samo masa aikin, sai ya taho da hannunsa da halinsa. Bai yi wata-wata ba wajen sabawa. Ya saba da bas ɗin da ba ta jiran kowa, da gaisuwar da ba ta wuce ɗaga gira, da rigar sanyi mai nauyin katifa. Har sunan Kawu ya bi shi, don kowa a makarantar ya ji haka malamin lissafi ke kiransa. Sanyi kuwa ya ɗauka irin na gida ne aka ƙara wa ƙarfi. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce akwai safiyar da ƙasa kanta ke zama firji.

Bai tsaya salati da tafa hannu ba. Ya ɗaga Mai Girki a hankali ya zaunar da ita a benci, ya cire mayafin wuyansa ya ɗaure mata hannun. Ya daka wa direban makaranta kira, aka wuce da ita asibiti. Sannan ya koma bakin ƙofa ya buɗe hannuwa ya tsaya ƙyam, don ɗalibai sun fara saukowa daga bas. Kalmomin da ya iya na harshen garin ba su da yawa, amma fuskarsa ta ishe shi magana. Duk wanda ya doso sai ya nuna masa ƙofar gefe, kuma ba wanda ya yi masa gardama.

Da hanya ta yi sauƙi sai ya shiga kicin ya fito da bokitin ruwan zafi yana tururi. Dogo, mai gyaran famfo na makarantar, ya yi wuf ya riƙe hannun bokitin.

"Kawu, so kake ka ƙarasa sauran? Wannan ma daskarewa zai yi. Ajiye, ɗauko shebur."

Suna cikin fasa ƙanƙarar Shugabar makaranta ta iso. Ta dubi daɓen, ta dubi famfon jikin bango wanda Dogo ya gyara jiya da yamma, sannan ta dubi Dogo.

"Wannan ne gyaran? Ka same ni a ofis idan ka gama."

Dogo ya je ya shafa bututun, ya duba ƙasansa, ya tsaya yana sosa ƙeya. Shugaba kuwa ta riga ta shige.

Malamin lissafi, wanda ya ga komai ta tagar aji, ya sauko ya ja kawunsa zuwa ɗakin kayan aiki ya tura ƙofa. Idonsa ya sauka a kan tiyon da ke ɗigar ruwa.

"Kawu, kai ne?"

"Ni ne."

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

"Ban da Shi nake nufi."

"Wai kai da Shi aka fara lissafi ko da kai?"

Malamin ya dafe goshi, ya rage murya. "Kawu, don girman Allah ka saurare ni. Har yanzu a gwaji kake. Idan aka sallame ka, izinin zamanka ya tafi, zuwan matarka Inna ma ya tafi. Ɗakin da muka kama mata fa? Dogo ɗan gari ne, faɗa kawai za a yi masa, gobe ya manta."

"Ka tabbata faɗa kawai?"

Malamin ya san an taɓa ja wa Dogo kunne a kan wani bututu, kuma yau ga mutum a asibiti.

"To ka gani," in ji Kawu. Ya karkaɗe hularsa ya mayar. "Ni na goya uwarka a bayana, ba kai za ka koya mini inda ake ɓoye fuska ba. Wuce mu je. Bakina bai iya harshensu ba, naka zan ara. Kuma abin da na faɗa shi za ka faɗa. In ka sa masa zuma zan gane a idon Shugaba."

Ofishin Shugaba ɗumi ne da shi har gilashin taga ya yi gumi. Dogo yana tsaye riƙe da hula, ita kuma tana magana a waya da asibiti. Da ta ajiye sai ta ce targaɗe ne, ba karaya ba, amma Mai Girki za ta kwana biyu ba ta ɗaga tukunya ba. Ta ɗago ta ga Kawu.

"Lafiya?"

"Gaya mata famfon Dogo lafiyarsa lau," in ji Kawu. "Ni na zuba ruwan, da tiyo, da hannuna."

Malamin ya fassara, muryarsa kamar ta mai karanta sakamakon jarrabawar da ya faɗi. Dogo ya juyo ya saki baki.

"Ka zuba ruwa?" Shugaba ta cire tabarau. "A wannan sanyin? Don me?"

"Don kada ƙura ta tashi ta shiga wa yara hanci."

"Wace ƙura?"

Gaskiya tun da Kawu ya zo bai ga ƙurar kirki a garin nan ba. "Babu," ya ce. "Hannu ne ya saba. Kullum nake yi tun ranar da na kama aiki, yau ne ƙasar ta ƙi sha."

Dogo ya yi ƙoƙarin danne dariya ta kuɓuce masa ta hanci. Shugaba ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon dattijon, shi kuma bai sunkuyar da kai ba, bai kuma ƙara ko kalma ta neman afuwa ba. Abin da ya yi ya faɗa, saura nata.

"Da ɗalibi ne ya fasa kai, da yanzu ba ni kaɗai kake yi wa bayani ba," ta ce. "Ba zan sallame ka ba. Amma ba zan tabbatar da kai a aiki ƙarshen watan nan ba kamar yadda aka shirya. Sai sanyi ya wuce, na ga ka fita daga cikinsa ba wanda ya sake faɗuwa. Kafin nan, duk safiya abin da Dogo ya ce shi za ka yi." Ta juya ga Dogo. "Kai kuma ka yi haƙuri, na yi saurin yanke hukunci."

Malamin ya fassara, ya ƙara da nasa a hankali: "Ka ji ko? Inna sai bayan sanyi ke nan."

"Na ji. Ce mata na gode, kuma ta ba ni izini in je in duba Mai Girki idan an tashi."

A waje iska tana yanka kunne. Dogo ya buɗe wani akwati mai murfi da ke jikin shinge, wanda Kawu ya daɗe yana ɗauka na shara ne. Cike yake da gishiri, ɓarzajje, fari tas. Dogo ya cika wani ɗan kwano ya miƙa masa, ya nuna daɓen.

"Watsa."

Kawu ya ɗanɗana a harshe, ya tofar, ya dubi Dogo sama da ƙasa. "Gishiri? A ƙasa? Mutane su taka?"

"Shi ke cinye ƙanƙara. Watsa, Kawu, yanzu ni ne maigidanka."

"Maigidan da ko gemu bai haɗa ba."

Ya tsaya da kwanon a hannu. A gidan da ya tashi, yaron da ya zubar da gishiri sai ya tsince shi da yatsa kafin ya ci abinci. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya san mai kiran, Inna ce, lokacinta ne, kuma ya san tambayar da za ta fara yi. Ya ɗauka ya maƙale wayar a kafaɗa.

"Malam, ya sanyi? An sa ranar tahowata?"

"An ɗaga, sai sanyi ya wuce. Laifina ne, zan ba ki labari in na zauna. Ki kwance akwatin nan ki ci gaba da sa kayanki."

Ya ji ta ja numfashi. "To, Allah ya kai mu. Me kake yi ne nake jin shaa-shaa?"

Kawu ya yi bisimilla, ya damƙi gishirin ya watsa shi baje a kan daɓen, ya sake damƙa.

"Aiki nake," ya ce. "Wannan kam sai kin zo kin gani da idonki. In na faɗa miki a waya, cewa za ki yi sanyi ya taɓa mini kai."