Sabar da Umma Ta Naɗe a Bargo

Ranar Asabar da hantsi Umma ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce, "Radiya, Malam ya yi shiru."

Malam mahaifinmu ne, Malam Ja'afaru na Ƙofar Kuyambana, kuma ya yi shekaru da rasuwa. Amma na gane abin da take nufi. Na yafa mayafina na baro gidana a Tukur-Tukur, na shigo birni.

Tun ina yarinya, duk bayan la'asar Malam yake ba da karatu a zauren gidanmu. Almajiransa manya ne, 'yan kasuwa da masu ɗinkin hula da tsofaffin ma'aikata, su jera takalma a ƙofar zaure har mai wucewa ta lungun sai ya raɓa bango. Babbansu Malam Hamisu shi ke riƙe da rikoda yana ɗauka a kaset. Ita kuwa Umma, da ta ji an idar da salla sai ta jawo 'yar kujerarta ta tsugunno zuwa bayan bangon zauren daga cikin gida, ta zauna da tsintar shinkafarta tana saurare. Ba ta taɓa leƙawa ba. Mu da muke yara mun san wannan lokacin ko kuka za ka yi, sai ka je bayan rumbu ka yi abinka.

Bayan rasuwar Malam, ƙanena Zailani, wanda yake aikin kwamfuta a Fatakwal, ya zo hutu ya kwashe kaset-kaset ɗin nan kaf ya zuba su cikin wata baƙar kwamfuta da yake kira saba. Ya ajiye ta a ɗakin littattafan Malam, ya haɗa mata sola da intanet, ya ja waya zuwa lasifika a zaure. Daga nan karatu ya ci gaba. Malam Hamisu ya kunna, almajirai su buɗe littafi su bi, na nesa har Maraɗi su saurara ta wayoyinsu, Umma kuma ta jawo kujerarta kamar kullum. Kaset ɗin ainihi kuwa damina biyu suka yi, soro ya yi yoyo a kansu, gara ta ƙarasa sauran.

Da na shiga ɗakin littattafan na duba ƙarƙashin tebur inda Zailani ya ajiye sabar, ban gan ta ba. Can na ɗaga kai na hango wani ƙunshi a saman kanta, an naɗe shi tsaf da bargon Malam mai ruwan toka, an ɗaure da zare, sai wayoyi kawai ke leƙowa.

"Umma, wa ya yi wannan?"

"Ni mana," in ji ta. "Na shigo shara na tarar da shi a ƙasa tsirara, kusa da ƙafafun mutane. Abin da ke ɗauke da tafsirin Alƙur'ani! Ke kin taɓa ganin Malam ya ajiye littafi a ƙasa ba gafaka?"

A tsakiyar bazara muke, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Na kwance bargon, wani warin ƙonanniyar roba ya bugi hancina. Na buɗe baki zan yi faɗa, don ni ba a san ni da haɗiye magana ba, sai na ga yadda take murza bakin zanenta. Na yi shiru na kira Zailani.

Shi kuwa bai yi shiru ba. "Bargo? Yaya, bargo fa kika ce? Abin da fanka ke hura wa iska dare da rana?"

"Rage murya, tana jin ka."

Ya sa na kunna na kashe, na kara masa wayar a jikinta ya ji wani ƙas-ƙas da take yi. Ya ce faifan ajiyarta ya mutu, babu abin da za a ciro daga cikinsa. Umma ta zauna a bakin ƙofa ta ce a hankali, "Ashe da hannuna na rufe masa baki." Wallahi maganar nan ta soke ni.

"Akwai bakof," in ji Zailani. Ya yi mana bayani cewa tun farko ya aika kwafin komai wata ma'ajiya a ƙasar waje, kuma daga inda yake zaune zai iya jawo shi ya mayar cikin sabar, in dai na zama hannunsa a nan. Har na fara hamdala sai ya ƙara da cewa, "Sai dai gaskiya ban taɓa gwada dawo da shi ba."

"Kai dai Zailani ba ka canza ba! Tun kana ƙarami kake ɗinka aljihu ba ka duba ko ya huje."

Ranar da la'asar almajirai suka zo suka jera takalma, Malam Hamisu ya ba su haƙuri suka watse. Umma ba ta jawo kujera ba. Ta shige ɗaki, tuwon ma cewa ta yi ba ta jin yunwa.

Ranar Litinin na tashi daga makarantar da nake koyarwa na wuce Sabon Gari na sayo sabon faifai irin wanda ya turo mini hotonsa. Muka yi kiran bidiyo, na jingina wayar da wani littafin fiƙihu, ina kwance noti yana ba ni umarni kamar shi ne babba. Kar ki taɓa can. Juya shi. Ba haka ba, Yaya! Na ce masa in ya sake ɗaga mini murya zan tuna masa wadda ta goya shi. Na soka filashin da ya bari a aljihun tebur, na rubuta wasu haruffa da ya karanto mini ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce in ɗauke hannuna.

Sai ga rubutu yana gudu a baƙin allon shi kaɗai, babu mai taɓa komai. Umma da ke tsaye a bayana ta ja da baya tana salati.

"Zailani ne, Umma. Daga Fatakwal yake rubutawa."

"Yana can yana nan?" Ta matso ta ƙura wa allon ido. "To Allah ya yi masa albarka. Ki ce masa ya bi a hankali."

A hankalin kuwa aka bi, don sabis ɗin cikin birni sai ya ga dama. Wani ɗan layi ne a allon yake cika kamar ana ɗura tulu da cokali. Da yamma hadari ya haɗu, sabis ya ɗauke, layin ya tsaya cak. Zailani ya ce in kwantar da hankalina, daga inda ya tsaya zai ɗora. Na kwana a gida. Duk fitowar da Umma za ta yi sai ta leƙa ta tambaye ni, "Ya ƙaraso?" kamar wadda ke jiran matafiyi.

Washegari bayan azahar Zailani ya kira. Muryarsa ta sauka, babu ɗagawar nan.

"Ya gama, Yaya. Komai ya dawo. Abu ɗaya ne kawai. Wanda kuke ji da can na gyara shi, na yanke farko-farkon da babu karatu, tari da gyaran zama da surutai. Gyararren a cikin sabar kaɗai yake, ya tafi. Wanda ya dawo ɗanyensa ne, yadda Malam Hamisu ya ɗauka. Ki gwada ɗaya mu ji, daga baya na sake yankewa."

Zauren babu kowa, don haka na ce wa Umma ta shigo. Ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗari-ɗari, a zauren gidan da ta tsufa a cikinsa, sannan ta zauna a gefen tabarma. Na kunna.

Da farko shuuu ɗin kaset ne kawai. Sai ƙarar buɗe takardu, wani ya yi tari, akuya ta yi kuka a lungu. Can muka ji muryar Malam Hamisu, da sauran ƙuruciya a cikinta, yana cewa, "Allah gafarta Malam, an kunna."

Sai ga Malam, ƙasa-ƙasa, dab da rikodar, yadda wanda ke bayan bango ba zai taɓa ji ba.

"Dakata tukuna, Hamisu. Ban ji an jawo kujera a ciki ba."

Aka yi shiru mai ɗan tsawo. Sannan daga nesa, siriri, muka ji ƙiiir ɗin katako a kan daɓe. Malam ya yi gyaran murya ya ɗaga sauti ya yi bisimilla.

Na kasa kallon Umma. Na danna wani karatun, na wata shekarar daban. Nan ma jiran ne, har aka jawo kujerar. A na ukun ma Malam bai ce komai ba, Malam Hamisu ne ya ce wa wani mai gaggawa, "Yi haƙuri, ba a zauna ba tukuna."

Umma ta sa gefen mayafinta ta rufe fuska, tana kuka. Ni ma kuka nake, na manta Zailani yana kan layi sai da na ji shi yana jan hanci.

"Umma, ki yi haƙuri," in ji shi. "Ban saurara da kyau ba, na ɗauka ɓata lokaci ne. Da yau ɗin nan na yi niyyar fara yankewa, amma..."

Ta sauke mayafin ta karɓi wayar daga hannuna.

"Zailani."

"Na'am, Umma."

"Kada ka sake yanke masa komai."