Ranar da Wendell Ya Ƙi Rusunawa

Wendell Stroup ya shekara ashirin da biyu yana fitowa a finafinan Hollywood, amma ko sau ɗaya ba a taɓa rubuta sunansa a kan allo ba. Ya fito a mai gadi, ya fito a wanzami, ya yi alƙali har sau goma sha ɗaya. Shi ne mutumin nan da zai buɗe ƙofa, ya faɗi kalma uku, ya ɓace.

Aibinsa ɗaya a sana'ar shi ne tsawo. Jarumai da yawa gajeru ne, kuma ba a yarda ƙaramin ɗan wasa ya kere wa jarumi a gaban kyamara ba. Don haka Wendell ya saba lanƙwashe gwiwa, tunda daga ƙugu zuwa sama ake ɗauka, ya tsaya a haka har a gama. Yanzu gwiwoyin sun gaji. Likita ya gaya masa in bai daina ba, baɗi da sanda zai yi tafiya.

Ran wata Laraba yana fitowa a mai duba tikitin jirgin ƙasa, aka tsayar da shi gefen jarumin fim ɗin, Garrick Vane. Darakta, Mista Loomis, ya leƙa kyamara ya yi tsaki.

"Dattijo, ɗan sauko mana."

"Yau ba zan sauko ba, yallaɓai."

Vane ya ɗaga kai ya dube shi.

"Wannan falwayar a ina kuka tsinto ta?"

"Inda aka tsinto ta shekaranjiya, ranka ya daɗe," in ji Wendell. "Ba ta ƙara tsawo ba. Miƙewa kawai ta yi."

Loomis ya matso, ya rage murya. "Wendell, ka san akwai mutum arba'in a bakin ƙofa da za su sa hular nan. Kada ka jawo wa kanka."

Wendell ya sani sarai. Wanda kamfani ya ce yana da taurin kai, wayar gidansa ba ta sake ƙara. Amma bai motsa ba.

"Gaskiya ne, yallaɓai. Sai dai kwana biyu ke nan kuna ɗaukar fuskata a taragon nan. Ni na tarbi amarya, ni na ɗauki jakarta. In kun sauya ni, sai ku sake duka, ga shi kafintoci sun riga sun rushe tashar."



"Me kake so?" in ji Loomis.

"Ba komai. Akwai akwatin katako can bayan labule. Wanda yake son tsawo ya hau."

Wani mai haska fitila ya ƙyalƙyale da dariya daga sama, ya mayar da ita tari. Vane ya ce shi ba ya hawa akwati don wani mai duba tikiti. Aka yi rabin awa ana lallashinsa, Wendell kuwa yana tsaye inda aka yi masa alama da alli, hannu a baya. Daga ƙarshe aka kawo akwatin, jarumi ya hau.

"Tikitinka, ranka ya daɗe," in ji Wendell, a miƙe, murya a sake. Ɗauka ɗaya aka yi.

Da ya je mayar da hula da riga, Loomis ya biyo shi.

"Ka san ka gama aiki a kamfanin nan ko?"

"Na sani, yallaɓai. Sai in gwada na tsallaken titi. Na ji jaruminsu dogo ne."

Ya ɗauki ƙunshin abincinsa ya fita. Motar haya ta tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga mata hannu ta wuce. Gida mil biyu ne, kuma yau a ƙasa yake so ya taka.