Abin da Kubra Ta Cire Daga Sarba

A ƙungiyar manoman tattasai ta bakin kogin Komadugu akwai wata doka da ba a rubuta ba, amma ta fi rubutattun ƙarfi. In injin ban ruwa ya lalace aka kai wa makanike, mai injin ba ya matsawa ko nan da can. Zama yake ya tsura ido, da kwano a gabansa, duk noti da robar da aka kwance a jefa ciki. In an gama gyara, abin da ya rage a kwanon da shi zai koma gida, ko da tsatsa ta gama cinye shi. Ba na ganin laifinsu. An sha cire musu sabo a mayar da tsoho, kuma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma gudu yake. Inda gizo ke saƙa shi ne shugabannin ƙungiyar sun ɗauka duk abin da ke duniya injin ban ruwa ne.

Kubra ce ke kula da na'urorin biron ƙungiyar, wato ofishinta, a Difa. A Maiduguri ta koyi aikin kwamfuta, kafin tashin hankali ya koro iyayenta gida. A ɗan ɗakin da ke bayan biron akwai wata baƙar na'ura da ake kira sarba, ba allo ba lasifika, aikinta kawai ajiye sunan kowane manomi da hotonsa da faɗin gonarsa. Daga ƙaramin biron Shetimari ake turo mata sunaye ta wata eriya da ke kan dogon ƙarfe. Hanyar siririya ce, hoto ɗaya ma sai ya huta kafin ya iso.

A shekarar nan kogi ya cika ya batse, ya kwanta a kan gonaki mako uku. Wani poroje, wato shirin tallafi, ya yi alkawarin iri da bututun ban ruwa ga duk wanda sunansa ke cikin sarba ranar Alhamis da sha biyun rana. Da lokacin ya cika za su kwashi lis, wato jerin sunayen, daga can ofishinsu su rufe, babu roƙo babu a yi haƙuri. Cikin masu jira har da Kawu Tahiru, ƙanin mahaifiyar Kubra, wanda ruwa bai bar masa ko tushe ɗaya ba a Shetimari, ga baki tara a gida. In irin nan ya wuce shi, noman bana ya wuce shi ke nan.

Kuskuren Kubra ɗaya ne, ta faɗi gaskiya a rubuce. Cikin rahoton wata ta sa layi guda: "Na cire manhajar sauti daga sarba." Perzidan Maina Grema, shugaban ƙungiyar, bai taɓa karanta rahotonta ya kai ƙarshe ba, amma ranar Litinin ɗin nan Allah ya kai idonsa kan kalmar "cire". Mutum ne mai son zama, wanda in ƙuda ya faɗa masa a shayi sai ya nemi ra'ayin kumite. Kafin azahar ya tara dattawa shida.

"'Yata," ya ce, ya dube ta ta saman tabarau, "kin rubuta kin cire abu."

"Na cire, Perzidan. Manhajar sauti ce, mai tura murya ta rezo, hanyar sadarwa, daga wata na'ura zuwa wata. Da ita sarbar ta zo, amma ba ta da aikin yi a nan. Sunaye muke ajiyewa, ba waƙa muke sawa ba."

"To, ina yake?"

"Mi, Perzidan?"

"Abin da kika cire. Kawo mu gani."

Wani dattijo, da zuciya ɗaya, ya zazzage goron da ke cikin kwanon silba ya turo mata kwanon. Kubra ta dubi kwanon ta dubi fuskokinsu, ta ga babu mai wasa. Ta yi bayani iyakar iyawarta. Ta ce manhaja ba ƙarfe ba ce, rubutu ce a cikin na'ura, in an goge ta babu abin da ke faɗowa ƙasa. Ta ce duk abin da aka bari yana aiki ba da dalili ba, ƙofa ce aka bari a buɗe, kuma da masu haɗa irin wannan na'ura suna da tunani da ba su cusa shi ba tun farko. Mai so ya sa da kansa.

Dattawan suka saurare ta da irin haƙurin da ake sauraron ɓarawon da ya iya magana. Abu ya fita, bai shiga kwano ba. A wajensu shari'a ta ƙare.

"Ba mu ce kin yi sata ba," in ji Maina, da muryar da ke nufin sun ce. "Amma wanda ya ƙera abu ya hi ki sanin abin da ya sa a ciki. Kayan poroje cikakke ya zo, cikakke zai zauna."

Ya karɓe makullin ɗakin sarba ya zura a aljihun rigarsa. Kubra ta ji kunya ta rufe ta har wuya, sannan haushi ya biyo baya.

Washegari aka kawo Muhsinu, ƙanin matar Perzidan. Sana'arsa ɗaura lasifika a wajen biki da wa'azi, kuma duk iliminsa na na'ura a magana ɗaya ya tsaya, wato abin da ba ya ƙara matacce ne. Ya shigo da jaka a kafaɗa yana taku kamar likitan da aka kira cikin gaggawa. Ya jona allo, ya bi bayanin da ya samo a wayarsa, ya mayar da manhajar. Bai tsaya nan ba. Duk akwatin da ya gani na "kunna" sai da ya kunna, don kada a ce ya bar wani abu a baya.

"Yanzu ta cika hul," ya gaya wa kumite. "Ko Perzidan ya so yin jawabi, daga nan har Shetimari za a ji shi."

Maina ya gyara zama. Ba a taɓa faɗa masa magana mai daɗin wannan ba.

Ranar Laraba da hantsi Laminu, magatakardan biron Shetimari, ya kira Kubra. Ya ce tun jiya da la'asar ko suna ɗaya bai wuce ba. Ya gama rajistar mutum ɗari uku da arba'in, suna nan jibge a kwamfutarsa, da ya danna turawa sai abin ya yi ta juyi ya mutu.

"Ɗauko kwamfutar ka shigo mota," ta ce.

"Kin manta? Kayan poroje ba ya hita biro sai da takardar kumite. Kuma da sarƙa Perzidan ya sa aka ɗaure ta a tebur."

Kubra ta buɗe tata kwamfutar ta leƙa abin da ke yawo a rezo. Minti biyar bai cika ba ta gano. Sarbar ce ke tura sauti, dare da rana, zuwa ga kowace na'ura da ke jone da ita. Da yake babu abin da take kunnawa, shiru take turawa, shiru zalla, an ƙunshe shi ƙunshi-ƙunshi an cika hanyar Shetimari da shi. Kamar injin da bakinsa ya fita daga ruwa, yana ta ƙugi yana jan iska, gona kuwa a bushe. Ta yi dariya ita kaɗai, irin dariyar da ta fi kuka ciwo.

Ta sami Maina a gindin itacen bedi yana karɓar gaisuwa.

"Perzidan, abin da Muhsinu ya kunna shi ya toshe hanya. Minti uku kawai nake so a ɗakin."

"Ki koma ki sake cirewa?"

"In kashe shi ma ya isa."

"Kashewa da cirewa ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Muhsinu ya ce rezo ne ba kyau, gobe zai gyaru."

Ta gaya masa mutum ɗari uku da arba'in ne. Ta gaya masa gobe da sha biyu ne. Ya ɗaga hannu ya amsa sallamar wani mai wucewa, ya ce gaggawa aikin shaiɗan ce.

Da yamma tana tafiya gida, ta bi ta gaban wani makanike da ke kwance injin, mai injin na tsugune da kwanonsa, sai dabara ta faɗo mata. Tunda ba za su taso su zo inda take ba, ita za ta sauka inda suke. Ta tsaya a shago ta sayi sabon kile, ɗan abin nan da ake zura wa kwamfuta a kwashi bayanai.

Ranar Alhamis tun ƙarfe takwas ta ajiye shi a cikin kwanon silba a gaban Maina.

"Zan cire manhajar a gabanku, in zuba ta cikin wannan. Ku riƙe. Ranar da kuka so, a mayar."

Fuskar Maina ta washe. Wannan magana ce ta hankali, abin da ido ke gani hannu ke taɓawa. Da ya miƙa makullin a lokacin, da labarin nan bai kai a ba da shi ba. Amma ya ce abin da kumite ya ƙulla, kumite ke kwancewa. Aka aika kiran dattawa. Biyu suna kasuwar tattasai, ɗaya ya tafi gaisuwar rasuwa. Sai goma saura suka cika. Aka buɗe da addu'a, aka tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan aka shiga babbar muhawara: wa zai riƙe kilen? Ma'aji ya ce kaya ne, nasa ne. Sakatare ya ce rubutu ne a ciki, nasa ne. Wani ya ce a sa shi a ambulan a buga hatimi, aka tashi neman hatimi. Kubra na tsaye jikin bango tana duban agogo.

"Perzidan, sha ɗaya saura."

"'Yata, manya na magana."

Sai aka ce dole Muhsinu ya zo ya shaida cewa abin da zai shiga kilen shi ne abin da ya fita. Ya zo yana hura hanci, ya ce shi dai a rubuta a takarda cewa bai yarda ba, don na'urar zamani ba a mayar da ita bebiya. Aka rubuta. Ƙarfe sha ɗaya da minti goma Maina ya zaro makullin, a hankali, kamar mai ba da kyautar doki.

Minti uku ta ce, minti biyu ta yi. Ta kashe abin, ta kwafe shi a kile, ta miƙa ba tare da ta dubi mai karɓa ba. Ta kira Laminu ta ce ya tura. Sunaye suka fara shigowa, kowane da hotonsa, ɗaya na bin ɗaya a kan siririyar hanyar. Ta zauna tana ƙirga su da ido. Fuskokin da ta sani suna wucewa, maƙwabtan kakarta, matan da suka yi gudun hijira tare da iyayenta. A waje kuwa Maina ya riga ya fara gaya wa manoma yadda kumite ya shawo kan matsalar cikin hikima.

Sha biyu daidai poroje ya kwashi lis ya rufe. Ɗari biyu da casa'in da ɗaya suka shiga. Kubra ta bi su daga sama har ƙasa, ta sake bi daga ƙasa har sama. Babu Tahiru.

Ta sake kiran Laminu. "Kawuna bai yi rajista ba ne?"

"Ya yi. Shi ya hara zuwa ma, tun ran Litinin da asuba. Amma duk wanda ya zo sai ya ce ya wuce gabansa, tsohuwa, mai goyo, 'yan gudun hijirar da ke zaune a Gagamari. Na ce Baba ka shiga layi, abin bi da bi yake tahiya. Ya ce shi ba ya cikin damuwa, yana da 'ya a babban biro. Shi ne na ƙarshe."

Ba ta ajiye wayar ba wani kiran ya shigo. Kawu Tahiru ne. Ya gaishe ta da Barbarci, a natse, ya tambayi gajiya, ya tambayi mahaifiyarta. Ya ce ya ji an ce sunaye sun tafi, Allah ya yi mata albarka. Ya ce ya riga ya gyara kwamin da zai yafa irin, ƙasar ta sha ruwa ta yi laushi, bana sai dai a nemi buhuna.

"Na yi magana da mai amalanke," ya ce. "Asabar zan zo ɗauka, ko Lahadi ta fi miki?"

Kubra ta sake duban lis ɗin. Ta zauna a kan kwalin da ke gefen sarbar, wayar na manne a kunnenta.

"Kubra? Ko rezo ne?"

"Ina jin ka, Kawu," ta ce. "Kada ka kira mai amalanken tukuna. Zan zo gida da kaina."