Bakan Matar Pak

'Yan matan Koriya suna ta dasa kibau a tsakiyar allo a gasar Olamfik, Sabiru na kallonsu a talabijin ɗin wani gidan abinci a unguwar Xiaobei, can China, sai ƙanwarsa Zalika ta kira daga Maraɗi.

"Yaya, Baba ya kasa jan bakansa," in ji ta. "Jiya ya gwada a bayan gida, kafaɗar ta ƙi. Ko tuwo bai ci ba."

Mahaifinsu Maidaji shi ne Sarkin Baka na ƙauyensu. Duk shekara, ranar buɗin daji, shi ke sakin kibiyar farko kafin wani maharbi ya taka jeji. Idan ya kasa, nan take zai miƙa kwarinsa ga wani, jama'a na kallo. Wannan kunyar za ta iya kwantar da tsohon.

Sabiru dai tufafi ya sani, su yake sara a kasuwar Shahe yana turawa gida. Amma ya bar komai ya shiga neman baka mai laushi. Duk shagon da ya leƙa sai a ce masa "meyo", wato babu, ko a nuna masa na zamani mai ƙarafuna, wanda Maidaji ko a mafarki ba zai riƙe ba. Daga ƙarshe aka kwatanta masa wani dattijo ɗan Koriya mai suna Pak, mai koyar da harbi a saman wani bene a unguwar Tianhe.

Yana shiga idonsa ya maƙale a bango. Bakan Japan ne na gora, ya fi mutum tsayi, sai ƙyalli yake, mariƙinsa can ƙasa da tsakiya. Kai, wannan ai shi ne bakan sarki!

"Lawban," wato maigida, "wannan nake so," in ji shi, da guntun Sinancinsa na kasuwa.

Pak bai yi gardama ba. Da ya ji mahaifinsa zai kai wa, ya tambayi tsayin tsohon, ya tambayi ciwon, sannan ya ce, "Ƙasarku akwai laima?"

Sabiru ya yi dariya. "A bushe take ƙamas."

"To gorar nan za ta tsage. Kuma a jeji kowane reshe sai ya kama ta."

Ya buɗe wani akwati mai ɗumi ya fito da wani abu ƙarami, a nannaɗe kamar gammo. Bakan Koriya ne, na ƙahon ɓauna da jijiya. Sabiru ya ji haushi. Wannan ko yaro aka ba zai raina. Don ya nuna shi ma ɗan maharbi ne, ya karɓa ya fara ɗaura tsirkiya ta wajen da bakan ya lanƙwasa, yadda ake yi a gida.

Pak ya daka masa tsawa, ya riƙe hannunsa gam.

"Da ka ja, da ya karye! Baya yake kwanciya. Juyo shi ake yi."

Kunya ta rufe Sabiru. Dattijon ya gasa bakan a hankali bisa ɗan murhu, ya sa gwiwa ya juyo shi har ya miƙe, ya ɗaura tsirkiya. Sabiru ya ja da yatsa. Abin ya biyo shi sumul, amma da ya saki kibiya ya ji ƙararta a allo kamar an sari itace.

"Na matata ne," in ji Pak. "Hannunta ba ƙarfi, shi ya sa aka yi mata mai laushi. Tun da ta rasu laimar garin nan ke cinsa. Kai shi inda zai sha iska."

Ya ƙi karɓar komai. Sabiru sai "shiye-shiye", wato na gode, yake ta maimaitawa. Ya yi ta zarya wurin Pak har hannunsa ya iya ɗaurin, sannan bayan kaka ya tafi gida ya koya wa mahaifinsa. Abu ɗaya ya ɓoye: bai ce bakan mace ba ne. Ina, Sarkin Baka guda!

Ranar buɗin daji Maidaji ya tsaya gaban maharba da ɗan bakansa, wasu na ƙunshe dariya. Ya ja, ya saki. Kibiyar ta haye tsamiyar bakin rafi, samari suka neme ta har suka gaji. Kwari ya zauna a kafaɗarsa.

Da Sabiru zai koma China, tsohon ya ɗauko tsohon bakansa, wanda ya gada wurin ubansa, ya miƙa masa.

"Maharbi ba ya karɓar baka hannu sake. Ka kai wa mutumin." Ya shafa mariƙin sabon, inda yatsu suka bar gurbi siriri. "Ka ce masa na gode. Kuma ka ce masa matar nan ta iya riƙo."

Sabiru ya sunkuyar da kai, ya karɓa da hannu biyu.